Bargon da Zai Bi Ɗigo Daji

Ɗigo ce ta kawo maganar tana tsaye a ƙofar kicin, ko jakar makaranta ba ta sauke ba. Ta ce 'yan ajinsu za su je daji kwana biyu a bakin wani tafki, kuma ba a tanti za su kwana ba, a gadon lilo ne, irin ƙyallen nan da ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu mutum ya kwanta a ciki yana reto. Da sauri ta faɗa, idonta a kan tukunya, kamar mai son a ce mata a'a ta wuce ɗaki ta yi kukanta.

Shekararta goma, kuma ba ta taɓa kwana inda ba na jin numfashinta ba. Ko a asibiti ina kan kujerar roba a gefenta. Sikila gare ta. Sanyi ya ɗan ratsa ta, ko gajiya ta yi mata yawa, ko ta yi gumi ba ta sha ruwa ba, sai ciwon ya sauka a ƙasusuwanta, ta dunƙule tana cizon filo. Ɗigo muke ce mata tun ranar da aka miƙo min ita, don sai da na buɗe tawul ɗin sosai kafin na ga mutum a ciki.

Na ce, "Bari mu ji ta bakin likita."

Likitarta ta duba ta, ta duba jininta, ta ce ta je. Sharaɗi uku ta gindaya: kada sanyi ya taɓa ta, kada ta ɗauki kaya mai nauyi, ta yi ta shan ruwa ko ba ta jin ƙishi. Da muka fito Ɗigo ta riƙe hannuna har bakin titi, abin da ta daina yi tun bara wai ta girma.

Malamin da zai kai su shi ne wanda yaran suke kira Malam Usur, don usur ɗin ba ya barin wuyansa ko a cikin aji. Na same shi a ofishinsa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce tsarinsu ɗaya ne ga kowa: daga inda mota za ta tsaya akwai tafiyar ƙafa mai ɗan hawa zuwa bakin tafkin, kuma kowane yaro shi zai goya jakarsa.

"Wanda bai iya ɗaukar kayansa ba, ba ya zuwa. Ba ƙiyayya ba ce, Maman Ɗigo. Mu biyu ne a kan yara masu yawa."

Na ce na ji. Na roƙe shi ya ara min gadon lilo ɗaya daga na makaranta in gwada a gida. Ya yi dariya ya ba ni.

To, ga inda na tsaya ke nan. Bargo mai kauri zai hana ta sanyi amma ya karya ta a hanya. Mara nauyi za ta iya ɗauka amma wa ya san abin da iskar tafki za ta yi mata. Kuma ba ni da kuɗin irin buhun barcin nan na masu hawan dutse da ake jerawa a bayan gilashi. Abin da na roƙa a gidanmu kawai a bar ni in yi tunanin wannan a natse. Ko wannan ban samu ba.

Abban Ɗigo gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Mutumin da ya wuni hannunsa cikin sanyi, ka ce shi ne zai fi kowa ganewa.

Ya ce, "Bargo? A bazarar nan? Mutane suna kwana a waje ba riga, ke kina neman bargo. Ki ba ta zanin gado ɗaya."

"Zanin gado zai kwana da ita a asibiti in ciwon ya tashi?"

"Ke dai komai sai kin mai da shi aikin injiniya."

Inna kuwa, mahaifiyarsa, a ɗakin ƙasa take a gidan da muke haya, mu muna sama. Ta aiko a kira ni. Na sauka na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa da kyau ba.

"Na ji za ki kai min ƙawata daji ki rataye ta a bishiya kamar shanya."

"Inna, likita ce ta ce ta je."

"Likita ce ta haife ta?"

Inna ta taɓa rasa ɗa da wannan ciwon, ƙanen Abban Ɗigo, tun kafin in san gidan. Ba na manta wannan in tana magana. Amma ita ma ba ta ganin fuskar Ɗigo ranar da 'yan ajinsu suka dawo daga wani wuri suna ba da labari, ita tana gefe tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Inna ta nuna bargonta da ke ninke a ƙarshen gado, babba mai hoton damisa, wanda mutum biyu suke kamawa ranar wanki. "In ma haukan ya kai ku can, wannan za ta tafi da shi."

"Ya fi ta nauyi, Inna."

"To ta zauna a gida."

Sama ana ce min na cika tsoro, ƙasa ana ce min ba ni da tausayi, a kan yarinya ɗaya, kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa ƙyallen lilon nan da hannunsa.

Ranar Asabar na shiga kasuwa, layin masu barguna. A ofishin aika kaya nake aiki, wuni nake ina ɗora kwalaye a sikeli, saboda haka hannuna ya saba, in na ɗaga abu na san nauyinsa kusan daidai. Na shiga wani shago mai tsawo kamar lungu, barguna tun daga ƙasa har silin. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau a goshi, bai bari na gama magana ba ya jawo ƙato ɗaya cikin jakar leda mai zif.

"Hajiya, wannan har jikanki sai ya lulluɓa da shi."

"Ba abin bar wa jikoki na zo saya ba, Baba. Kwana biyu ne a daji. Yarinya ce za ta goya."

"Daji? Me ta yi miki?"

Na bar shi ya gama dariyarsa. Ya sauko min da na auduga, sirara, masu kyan launi. Na ɗaga, ba nauyi. Na buɗe gorar ruwana na ɗiga kaɗan a kusurwa.

Ya ce, "A'a, Hajiya, shagon nan ba wurin wanki ba ne."

"In ya lalace na saye shi."

Audugar ta shanye ruwan nan take, ta yi duhu ta manne a yatsana, sanyi ƙalau. Raɓa ta sauka a kan wannan, ko yarinyar ta yi gumi a ciki, haka zai kwana a jiƙe a jikinta. Na ajiye. Na ulu ya yi ƙaiƙayi, ya kuma yi tsada. Muna cikin haka na hango wani tari a can ƙasan kanta, an danne shi da kwali. Irin mai laushin nan ne da ake naɗe jarirai da shi, amma babba, launinsa ruwan lemo mai ihu, kamar rigar masu gyaran titi.

"Wancan fa?"

"Wancan ko kyauta mata ba sa karɓa. Launin ne ya kashe shi."

Na ɗiga masa ruwa, ruwan ya tsaya a sama ya gangare. Na matse wurin, na girgiza, kafin mu gama ciniki ya bushe. Na naɗe shi, bai fi burodi girma ba. Na saya a farashin abin da mai shi ya gaji da gani.

Washegari bayan sallar asuba na ɗaure gadon lilon a baranda, tsakanin ƙarfen taga da na bakin bene. Lokacin ne iska take ɗan motsawa a bazara. Na shiga da ƙyar, na lulluɓa da bargon har wuya. Da farko daɗi. Can sai na ji wani abu yana hawa bayana a hankali, daga kwankwaso zuwa kafaɗa, kamar na jingina da bangon banɗaki. Ƙirjina yana gumi, bayana ƙanƙara. Na tashi na shimfiɗa bargon a ƙarƙashina na kwanta a kai. Ya ɗan rage, amma nauyina ya danne shi ya zama kamar takarda, sanyin ya dawo.

Sai na gane. A kan katifa ba abin da ke bi ta ƙarƙashin mutum. A lilo iska ce take wucewa ta ƙasa, tana kwashe ɗumin baya. Baya da kwankwaso kuwa nan ne ciwon Ɗigo yake fara sauka.

Abban Ɗigo ya fito da kofin shayi ya same ni ina leƙen ƙasan lilon.

"An fara tafiyar ke nan? A gaida mutanen daji."

"Zo ka kwanta ka ji."

"Ni da na bar katifa."

"Minti kaɗan. Sanyin ta ƙasa yake shigowa."

"Ni za ki gaya wa sanyi? Sana'ata ce fa." Ya kurɓi shayinsa ya koma ciki.

Na koma wurin dattijon na sayi na biyu. Ya ce in zan kwashe sauran zai yi min addu'a. Na sayo igiyar roba, na ɗinka a kusurwoyi huɗu na ɗaya, yadda za a rataye shi a ƙarƙashin lilon daga waje, ya rungumi bayan mai kwanciya ba tare da an danne shi ba. Na gwada da asuba, na sa fanka a ƙasa ma don mugunta. Bayana ya yi ɗumi har barci ya so ɗauke ni.

Ɗigo ta koyi ɗaurawa da kanta. Ta ɗaura ta kwance, ta ɗaura ta kwance, har ta ce, "Mama, ko ido a rufe zan iya." Launin ne kawai ya dame ta.

"Za su ce lemo ya faɗo daga bishiya."

"Su ce. In kin ɓata ma za a gan ki daga nesa."

Na haɗa jakar: barguna biyu, riga mai dogon hannu, safa, magungunanta, gorar ruwa. Na kai ofis na ɗora a sikeli, na cire abin da zan cire. Ta goya ta hau benenmu ta sauka ba ta yi haki ba. Na ajiye jakar a bakin ƙofa.

Ranar tafiya dole na biya ta ofis da sassafe in miƙa makulli ga abokiyar aikina, saboda haka muka yi da Abban Ɗigo shi zai kawo ta makaranta a babur, in same su can. Da na iso filin ya cika, iyaye da yara da jakunkuna, mota tana tsaye ana ɗumama inji. Malam Usur ya jera yaran, kowa ya goya jakarsa ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Na hango Ɗigo a layi, jakar tana ƙasa a gaban ƙafarta. Tun daga nesa na ga jakar ta kumbura, zif ɗin ya kasa rufewa.

Aka zo kanta. Ta sunkuya ta ja, jakar ta tashi da ƙyar. Ta saƙala hannu ɗaya, nauyin ya juya ta gefe, ta dafa ƙasa. Wani yaro ya yi dariya. Ta sake yunƙurawa, leɓenta a cije, ta yi taku kaɗan kamar mai tafiya cikin taɓo.

Malam Usur ya ce, "Ajiye, ajiye." Ya juyo ya gan ni. "Maman Ɗigo, mun fa yi magana."

Na durƙusa na ja zif ɗin. Kan damisa ne ya fara leƙowa. Na jawo shi, yana fitowa yana fitowa kamar ba zai ƙare ba. Na zazzage jakar. Riga, safa, magani, gora. Babu bargon ruwan lemo ko ɗaya.

Abban Ɗigo yana jingine da babur ɗinsa yana kallon wani wuri daban. Na tafi wurinsa da bargon a rungume, yana jan ƙasa. Ban ɗaga murya ba, akwai mutane.

"Ina bargunan?"

"Inna ce ta hau da kanta bayan fitarki. Ta ce waɗancan tsumma ne."

"Kana ina?"

"Ina nan mana. To me zan ce mata? Bargo ai bargo ne. Wannan ma ya fi ɗumi."

"Ka san ba za ta iya ɗauka ba."

Ya ƙara kau da kai. A nan na fahimci ya sani, Inna ma ta sani. Ba ɗumi suka saka mata a jaka ba. Sun bar ta ta zo har nan da murnarta, ta tsaya a layi, don ta faɗi a gaban 'yan ajinsu, malami ya ce ba ta zuwa, su kuma hannunsu fes, ba su hana ta ba. Da Inna ta tare ƙofa ta ce ba inda za ta, da na fi girmama wannan.

Na ɗora masa bargon a hannu. "Riƙe kayan uwarka."

Ban taɓa faɗa masa haka ba. Ya buɗe baki, na riga na juya.

Ɗigo tana tsugune tana mayar da safarta cikin jaka, kanta a ƙasa. Ba kuka take ba, da ma kukan ne ya fi min sauƙi. Na ce ta goya. Ta goya jakar da ba bargo, ta taka zuwa ƙofa ta dawo kamar ba komai a bayanta.

Malam Usur ya ce, "Yanzu ta iya ɗauka, amma ba abin rufa. Ke da bakinki kika ce sanyi ne abokin gabarta. Ba zan tafi da ita haka ba."

"Bargunanta suna gida. Kafin rana ta faɗi suna hannunka."

"In ba su zo ba fa?"

"Ni zan zo in ɗauke ta da kaina, kafin duhu. Ba za ta kwana a kanka ba."

Ya dube ni, ya dubi Ɗigo, ya dubi mutumin da ke tsaye can rungume da damisa. Ya sosa ƙeya da usur ɗinsa. Ya kwatanta min inda motar za ta tsaya, ya ce in na iso in kira shi.

Na gyara wa Ɗigo wuyan riga. "Ki sha ruwa ko ba kya so. In kin gaji ki faɗa, ba abin kunya ba ne."

"Mama, za ki kawo da gaske?"

"Na taɓa ce miki zan zo ban zo ba?"

Ta hau. Motar ta tashi. Ina tsaye har ta sha kwana, na kuma san abin da na yi: na tura 'yata bakin tafki ba ko ƙyalle.

Muka kama hanyar gida. Bargon yana tsakanina da shi a kan babur, na ji daɗin hakan.

Inna tana zaune a bakin gadonta da carbi. Gefen bargunan ruwan lemo yana leƙowa ta ƙarƙashinta, a kansu take zaune. Ta dubi bayanmu tana jiran ta ga Ɗigo ta shigo.

Na durƙusa yadda na saba. "Inna, ina kwana."

"Ina ƙawata?"

"Tana mota."

Carbin ya tsaya. "Wace mota?"

"Ta tafi da su. Bargonki ga shi nan mun dawo da shi, ya fi ƙarfinta. Yanzu ba ta da abin rufa ko ɗaya, sai waɗanda kike zaune a kai."

Ta juya ga ɗanta. "Kana tsaye aka yi wannan? Hau babur ɗinka ka bi su ka dawo min da ita."

Ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙofa. Mutumin da yake hawa bene mai tsawo da na'ura a kafaɗa, ya rasa inda zai sa idonsa a ɗaki ɗaya.

Na ce, "Inna, in ya je ya sauko da ita daga motar nan a gaban yara, ba za ta sake tambayar mu zuwa ko'ina ba. Ba don ta haƙura ba, don ta gane ita ba mutum ba ce irin su. Ni ba zan iya rainon wannan ba."

"Gara ta yi fushi tana raye."

"Ni ma rayuwarta nake nema. Ba na barci in ta yi tari, kin sani, kina jin takuna a sama. Na kwanta a lilon nan da bayana, na ji inda sanyin yake shiga, na toshe shi. Ba wanda ya tambaye ni me na gani. An jira na fita aka buɗe jakar."

"Ni kike gaya wa magana?"

"Ba magana nake gaya miki ba. Bargo nake roƙo. Rana tana tafiya."

Ba ta motsa daga kan bargunan ba. Ni ma ban tashi ba, gwiwata tana kan siminti. A waje wani yana ta buga hon.

Abban Ɗigo ne ya yi gyaran murya. "Inna, ki ba ta. Ni na yi kuskure da na bari."

"Kai rufe min baki, da kai da babu duk ɗaya." Ta dafa gado ta ɗaga jikinta kaɗan, ta zaro su ɗaya bayan ɗaya ta jefo gabana. Ta murza gefen na biyun da yatsa kafin ta saki. "Wannan abin ko kaza ba zai ɗumama ba. In wani abu ya same ta, kada ki shigo min ɗaki."

"Na ji, Inna."

Na duba igiyoyin roba, huɗu suna nan. Na naɗe su na sa a jakar hannuna. A tsakar gida Abban Ɗigo ya ce in ba shi ya kai, in huta.

"Ka kai? Kai da aka buɗe jaka a gabanka?"

Na hau bayansa a kan babur.

Tafiyar ta fi yadda malamin ya kwatanta. Kwalta ta ƙare, muka shiga hanyar ƙasa mai rami, zafi yana dukan mu ta sama da ƙasa. Sau biyu ya fara magana, iska ta kwashe, ban ce ya maimaita ba. La'asar ta yi sanyi kafin mu ga motar makaranta a ƙarƙashin wata bishiya, direban yana barci a kujerar baya. Na kira Malam Usur, ya ce mu hauro, amma mu tsaya daga nesa, iyaye ba sa shiga sansani.

Na hau hanyar ina auna ta da ƙafata, ina tunanin ƙafafun Ɗigo. Ba ta kai yadda na ji tsoro ba. Da muka kai sama sai ga tafkin, ga gadajen lilo an ɗaure su jere tsakanin bishiyoyi, yara suna ta hayaniya. Iskar da ke tasowa daga ruwan ta bugi gumin bayana, tsigar jikina ta tashi. Na juya na dubi Abban Ɗigo. Shi ma ya ji, na ga ya haɗa hannuwansa a ƙirji.

Ya ce, "Ashe da ɗan sanyi."

"Sana'arka ce ai."

Ɗigo ta taho, gorar ruwa a hannu, ta sha fiye da rabi. Na duba idonta, na duba leɓenta, na taɓa bayanta.

"Ba inda ke miki ciwo?"

"Babu."

"Kwankwaso fa?"

"Mama, babu."

Na fito da bargunan. "Mu je in ɗaura miki na ƙasan, in ga ya zauna daidai."

Ta karɓe su ta rungume, ta waiwaya wajen ƙawayenta. "Zan ɗaura da kaina. Ku tafi, ana kallona."

Na bi rana da ƙura da rami, na ɓata da uwar mijina, na faɗa wa mijina abin da ban taɓa faɗa ba, a ce min in tafi ana kallo. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ta juya.

Ban tafi nan take ba. Na tsaya a bayan wata bishiya ina hangen ta. Ta saƙala kusurwa ta farko, ta zagaya ta saƙala ta biyu, ta uku ta kuɓuce mata ta ɗauko ta sake. Wasu yara biyu suka matso suna kallo, ɗaya ya sunkuya yana leƙen ƙasan lilon, tana yi masa bayani da hannu. Ta tura tafinta tsakanin lilon da bargon ta ji ko akwai inda iska za ta shiga, ta ja robar ta ƙara matsewa.

Abban Ɗigo ya ce a hankali, "Mu tafi kafin duhu ya same mu a hanyar nan."

Na ce ya yi gaba. Sai da na ga ta shiga ta kwanta ta ja na saman har ƙirji don gwaji, sannan na bi shi.